Ruwan Wankan Gwaggo

"Ƙara zura gugan, Modu. Kada ka bar mini ko ɗigon maiƙon nan."

Gwaggo ce ke ba da umarni daga kan kujerarta 'yar tsugunno, ɗanta yana jan ruwa yana sheƙawa a rariya, har lungun ya ɗauki warin fetur. Warin ne ya fito da Hafsat, maƙwabciyar da katanga kawai ta raba su. Ta tsaya a bakin tsakar gida baki buɗe.

"Gwaggo, me nake gani haka? Gobe fa masu gwajin ruwa za su zo."

"To ai shi ya sa. Baƙi za su shigo mini gida, sai in tare su da ƙazanta? Ke in surukanki za su zo ba kya shara?"

"Ƙazantar suke so su gani, Gwaggo."

"Su gani su liƙe mini rijiya da siminti? Uban Modu ne ya haƙa ta shekarar da aka kawo ni Zaitawa. Mu tun muna yara, in ɓera ya faɗa rijiya kwashe ruwan ake ta tsarkaka. Fetur ya fi mushe ne?"

Tankin gidan man bakin titi ne ya daɗe yana yoyo a ƙarƙashin ƙasa. Da kukan unguwa ya yi yawa, hukuma ta sa mai gidan man ya tone tankin, tifa ta kwashe baƙar ƙasar. Saura ruwa. In gwaji ya nuna fetur ya kai rijiyoyin mutane, dole a sa shi ya zuƙe gurɓataccen ruwan, ya kuma haƙa wa lungun burtsatse. Rijiyar Gwaggo ce mafi kusa da wurin, ita aka zaɓa. Hafsat ta yi bayani har bakinta ya bushe, amma Gwaggo in ta kafe ko liman sai ya haƙura. Aka yashe rijiyar tas.

Washegari ma'aikatan suka zo da safar hannu da 'yan kwalabe. Gwaggo ta sa aka yi musu shimfiɗa, ta ɗebo musu ruwan randa a sabon kofi. Suka yi godiya, kowa ya zaro ruwan roba daga jakarsa. Hafsat ta bi shugabansu har zaure.

"Ranka ya daɗe, jiya aka yashe rijiyar nan. Ku bar ta ta kwana biyu ku dawo, wallahi za ku gani."

"Hajiya, mu abin da muka tarar muke ɗauka," in ji shi, idonsa na kan waya.

Ba su dawo ba. Mai unguwa ne ya zo da albishir daga baya, wai ruwa ya ci jarrabawa, an rufe maganar. Gidan mai ya sha sabon fenti, 'yan adaidaita suka koma layi. Maiƙo kuwa tun kafin a gama fentin ya dawo saman rijiya, har ya fi na da.

Hafsat ta riƙa aiko mata da ruwan jarka, Gwaggo tana yin wanki da shi. Na sha dai sai na rijiyarta. Ta kan turara randa da kajiji irin na mutanen Barno, ta juye ruwan a ciki, ta ce ai ga shi nan ƙamshi yake. In Hafsat ta yi magana sai ta ce, "Masu ilimin ma sun ce lafiyarsa ƙalau, ke ce likita?" Wannan maganar ita ta fi ci wa Hafsat rai.

Da damina ƙafafun Gwaggo suka kumbura, abinci ya daina zama. A asibiti likita ya tambayi Modu wane ruwa take sha, da ya ji amsa sai ya ci gaba da rubutu. Aka dawo da ita gida. Ranar da jikin ya yi tsanani ta kama hannun Hafsat.

"Ke za ki wanke ni. Kuma da ruwan rijiyata, kin ji ko?"

"Na ji, Gwaggo."

Da hantsi Gwaggo ta cika. Hafsat ta daka ganyen magarya, ta zura guga ta jawo, sai ga maiƙo yana yawo a kai, shuɗi da ja da kore. Ta ɗiba a kofi ta ba Modu ya kai wa Malam Mustafa, limamin lungun, da ke zaune a zaure. Tana jin su ta bayan labule.

"Ruwan da warinsa ya canja ba ya tsarki, Modu."

"Wasiyyarta ce, Malam. Kuma hukuma ta ce ana iya sha."

"Wannan tsakaninsu da Allah. Ni dai ba zan ce a wanke Musulma da shi ba."

Hafsat ta dubi gugan. Ruwan da aka yarje wa mai rai ya sha, yau gawa ta fi ƙarfinsa. Aka tsayar da mai kura a bakin lungu, aka shigo da jarkoki. Da ta zo zuba na farko sai ta sunkuya kusa da kunnen Gwaggo.

"Ki yafe ni. Ba na rijiyarki ba ne."

Bayan an fita da makara tsakar gidan ya yi tsit. Gugan yana nan a bakin rijiya inda ta ajiye shi, cike. Kazar Gwaggo ta zo ta leƙa, ta tsoma baki, ta girgiza kai, ta wuce gindin randa.