Mangwaro a Cikin Shinkafar Malam Mala

Tun ranar da likita ya ce wa Malam Mala ya rage gishiri, ya bar soye-soye saboda hawan jini, 'Yar'azumi ba ta ƙara jin daɗin girki ba. Mijin nata manomin shinkafa ne a fadamar Auyo, mutumin da ba ya wasa da cikinsa. Yanzu kuwa duk abin da ta ajiye masa, loma biyu zai kai ya ture kwano.

Ta yi miyar kuka ba mai, ya ce ruwan wanke hannu ne. Ta yi dafa-duka ba dunƙule, ya ce ko akuya sai an roƙe ta. Abin da ya fi ƙona mata rai, maƙwabciya ta gaya mata an ga Malam wajen mai tsire a bakin kasuwar Haɗeja, yana ci yana waige-waige kamar ɓarawon kaza.

Abu guda da bai daina ci da marmari ba shi ne mangwaron tsakar gidansu. Sai ya zauna ya tashi da biyar. Rannan tana share ƙwallayen da ya bari, ta tsaya riƙe da tsintsiya, ta ce a ranta, to bari a kai masa abin da yake so cikin abin da ya ƙi.

Ta wanke sabuwar shinkafar rani, ta dafa ta wara-wara da ɗan gishirin da bai fi ta ɗauka da yatsu biyu ba, ta baza a tire ta sha iska. Ta zaɓo mangwaron da ya nuna amma bai yi laushi ba, ta yayyanka ƙanana. Akwai na'a-na'a da ɗoɗɗoya da ta shuka a tsohon bokiti kusa da randa. Ta tsinko, ta haɗa da lawashin albasa da attaruhu guda, ta juye su da mangwaron a cikin shinkafar. Ta matse lemon tsami a kai, ta zuba man gyaɗa cokali ɗaya, ta murje gasasshiyar gyaɗa ta barbaɗa. Kifi kuma, karfasa ce, ta gasa ta a garwashi da citta da tafarnuwa. Da ta ɗanɗana, ita kanta sai da ta ƙara.

Bayan azahar ta kai masa zaure. Malam Mala ya buɗe kwano, ya dubi ja da kore da ruwan ɗorawa, ya dubi matarsa.

"'Yar'azumi, me nake gani? Mangwaro a shinkafa? Kin taɓa ji?"

"Malam, ka dai ɗanɗana."

"Kifin zan ci. Wannan ki ba kaji."

Ta juya ranta a ɓace, sai ga sallamar Inuwa, aminin mijinta tun ƙuruciya, masunci ne, ya dawo daga kogi da yunwa. 'Yar'azumi ta gaishe shi ta shige, amma ba ta yi nisa ba, ta laɓe bayan ƙofa.

"Bismillah," in ji Mala, "in za ka iya. Yau uwargida ta yi mana abin mamaki."

Sai ƙarar cokali ta fara tashi. Can ta ji Inuwa ya ce, "Kai! Tsami-tsami, zaƙi-zaƙi, ga ƙamshi. Mala, da gaske ba ka ci?"

"Ba na ci."

"Madalla. Allah ya ƙara maka ƙin ci."

Ta leƙa. Inuwa ya jawo kwanon gabansa, ya gyara zama, yana haɗa kowace loma da tsokar kifi. Mala na kallon shinkafar tana raguwa, yana motsa baki.

"Kawo in ji abin da kake ta zuzutawa."

"A'a, ai na kaji ne."

"Inuwa, gidana ne fa!"

Dattawa biyu masu furfura suka kama kwano ɗaya, wannan na ja wancan na ja. Dariya ta ƙwace wa 'Yar'azumi, ta toshe baki da mayafi ta ruga madafa. Allah ya sa ta rage a tukunya. Ta juyo sauran, ta dawo ta dire a gaban mijinta.

Ya cinye tas, har da tsince gyaɗar da ta maƙale a gefe.

Da la'asar ya shigo yana gyaran murya, bai yarda sun haɗa ido ba.

"Inuwa ya ce gobe zai dawo. Sai ki ƙara yawanta."

"To, Malam. Ni dai ban ji ya faɗa ba."

"A hanya ya faɗa," in ji shi, ya ɗauki buta ya yi waje.