Hatimin Italiya

Malam Ƙasimu baduku ya sauka daga acaɓa a bakin ofishin masu duba kayan shigowa, hannunsa na dama cikin aljihu, ya damƙe wani ƙaramin ƙarfe kamar za a ƙwace masa.

Jiya ne jami'ai suka shiga shagon Alhaji Ya'u a Ƙofar Doka, Zariya, suka kwashe takalma sau-ciki buhu biyu. Sun ce duk takalmin da aka shigo da shi dole a ga sunan ƙasarsa a jiki, a kuma ga takardun shigowarsa. Sunan dai ga shi nan raɗau a tafin kowanne, Italiya. Takardu ne babu, kuma ba za a same su ba, don takalman ba su taɓa ganin ko Kaduna ba. A zauren Ƙasimu aka yanka fatar, aka ɗinke, aka buga hatimin. Shekara goma sha ɗaya haka suke yi, tunda mutanenmu in ba su ga sunan wata ƙasa ba sai su taɓe baki su ajiye. Yanzu an ce in ba a kawo bayani yau ba, za a rufe shagon. Alhaji Ya'u kuwa shi kaɗai ke ɗaukar aikin Ƙasimu.

Jami'in da ya tarar, Malam Muntasir, mutum ne mai tsabta, ba fara'a. Ƙasimu ya gaishe shi har sau biyu don rikicewa, sannan ya zaro ƙarfen hatimin ya ajiye a kan tebur. Kunya ta rufe shi. Ya bayyana cewa ba wanda ya shigo da komai, shi ya ɗinka.

Muntasir ya juya hatimin ya ce irin wannan ko wa na iya sa maƙeri ya yi masa. Ya ɗauko takalmi ɗaya daga buhu ya shafa ɗinkin.

"Malam, wannan ba aikin zaure ba ne. Na san na waje in na gan shi."

Da a wani wuri ne da Ƙasimu ya ji daɗin maganar. A nan sai zufa ta keto masa.

"Ranka ya daɗe, ɗaga shimfiɗar ciki, wajen dunduniya. Akwai ɗinki uku na jan zare. Haka mahaifina yake yi, ni ma ban taɓa fasawa ba."

Muntasir ya ɗaga, ga su nan. Ya ɗauko wani, ga su. Na ukun bai ajiye shi da wuri ba.

A lokacin ne idon Ƙasimu ya sauka ƙarƙashin tebur, ya ga abin da ke ƙafar jami'in. Baƙin takalmi ne, ya sha goga, kuma ya san wannan lanƙwasar ta baki kamar yadda ya san fuskar 'ya'yansa. Ya yi maza ya kau da kai yana addu'a a zuci kada mutumin ya lura.

Ya lura. Ya sunkuya a hankali, ya cire takalminsa ya ɗaga shimfiɗar ciki, ya daɗe bai ɗago ba. Ƙasimu ya saddaƙar cewa shago ya tafi.

Da Muntasir ya ɗago, sai ya jawo takarda ya yi rubutu. Ya ce a zo a kwashi kayan, amma kada ƙafa ɗaya ta koma shago sai an kankare ƙaryar. Hatimin kuwa ya jefa shi cikin durowa ya kulle.

Ƙasimu ya yi godiya, ya kai bakin ƙofa, ya tsaya.

"To ranka ya daɗe, in na buga Zariya, wa zai saya?"

Muntasir bai dube shi ba. Ya mayar da ƙafarsa cikin takalmin.

"A Abuja na sayo wannan," ya ce. "Shekara huɗu ke nan ina faɗa wa mutane ba za mu taɓa iya irinsa ba."