Karanshaf Biyu a Garejin Bahago

Karanshaf biyu ne a kan bencin Malam Bahago, a garejinsa da ke bayan Ƙofar Doka. Shi ne ƙarfen da ke juyawa a cikin inji, fistin na hawa da sauka a kansa. In aka sa wanda ya fi nisan juyi, sai injin ya ƙara ƙarfi. Ɗayan zai kai injin lita biyu da ɗigo takwas, ɗayan kuma uku da ɗigo biyu.

"Babban nake so, Baba," in ji Suhail, ɗan marigayi amininsa daga Kwarbai. "Irin wanda ka sa wa Yaya Ja'afaru."

"Kai da ko aure ba ka yi ba, ina za ka da wannan ƙarfi? Ko Legas za ka riƙa zuwa karin kumallo?"

Suhail ya yi dariya. "In ba za ka yi ba, akwai masu yi a Kaduna."

Bahago ya san su. Ya ga injinan da suke haɗawa. Ya ce wa Suhail ya dawo bayan mako uku.

Shekara shida ke nan da Ja'afaru, yayan Suhail, ya rasu a hanyar Funtuwa, gaba kaɗan da Giwa. Ya fita zai wuce tanka, bai gama wucewa ba wata tirela ta taho. Duk unguwa suka ce babban inji ne ya kashe shi. Bahago bai taɓa musa musu ba, ko da yake shi kaɗai ya san babu babban inji a motar. Ƙaramin ya sa masa, ya ce masa babba ne, don yana jin tsoron ƙafar yaron a kan totur. Da wannan yake lallashin kansa duk shekarun nan: na rage masa ƙarfi, amma kwana ya ƙare. Hannuna babu jini.

Sai dai har yanzu, in ya ɗora tsinin sukundireba a jikin wani inji ya kara ƙotar a kunne don ya ji lafiyarsa, wani lokaci ƙarar motar Ja'afaru yake ji a ƙarƙashi. Sai ya janye kunnen, ya nemi tsari, ya sake karawa.

Ya sa wa Suhail ƙaramin. Babban kuma ya naɗe shi a buhu ya tura ƙarƙashin benci.

Ranar Asabar bayan sallar Azahar suka fita gwaji. Suhail ne a sitiyari. Ya taka totur a tsaye, injin ya yi gurnani, ya lumshe ido.

"Wallahi muryar motar Yaya ce, Baba. Sak."

"Ja mu tafi, sarkin surutu."

Ba Bahago ne ya zaɓi hanyar Funtuwa ba. Suka ratsa Samaru, suka wuce Shika, gonakin masara kore shar a dama da hagu, sai ga su a bayan wata tirela mai ɗauke da buhunan taki. Suhail ya leƙa. Can nesa wata bas tana tahowa.

"Bari ta wuce," in ji Bahago.

"Haba Baba, da uku da biyu? Kafin ta iso mun sha ruwa a Giwa."

Ya sauke giya, ya fita. Motar ta zabura, ta cinye rabin tirelar, daga nan jan nata ya fara sanyi. Bahago ya ji shi a ƙashin bayansa tun kafin allura ta nuna. Ya san daidai inda ƙarfin zai ƙare, shi ya yanka shi da hannunsa. Suhail bai sani ba. Yana ta danna totur har ƙasa, yana jiran abin da aka ce masa yana nan. Bas tana walƙa fitila. Tayoyin tirela na juyawa kusa da kafaɗar Bahago, ba su ƙarewa.

Direban bas ne ya sauka gefen titi. Suka tsallake da ƙyar, hon ɗinsa na bin su.

Suhail ya faka a gindin wata ɗorawa. "Innalillahi. Ta ƙi ja, Baba. Me ya same ta?"

Bahago ya kau da kai. Yana kallon titin. Da ya gaya wa yaron nan gaskiya, da ya tsaya a bayan tirela ya jira. Lissafin da ya fita da shi, lissafin injin da babu shi ne. Shekara shida yana juya maganar Ja'afaru ta kowace fuska, ban da wannan.

"Babu abin da ya same ta," ya ce. "Ƙaramin na sa maka."

Suhail ya juyo. "Ƙaramin?"

"Babban yana ƙarƙashin benci. Na ji tsoro ne." Ya goge tafin hannunsa a gwiwa, ya sake gogewa. "Shi ma yayanka ƙaramin na sa masa. Bai sani ba har ya rasu."

Wata mata ta wuce da ƙwaryar nono a ka, ta dube su, ta ga ba masu saye ba ne. Injin na ta ɗan ƙas-ƙas yana hucewa.

"Hajiyarmu ta hana ni tuƙi shekara uku saboda babban inji," in ji Suhail a hankali. "Baba, gaya mini tsakaninka da Allah. Da babban ka sa masa, da ya wuce tankar?"

"Wataƙila. Wataƙila kuma da tun kafin ranar ya tafi."

"Ba wataƙila na tambaye ka ba."

"Ban sani ba, Suhailu. Ba zan taɓa sani ba."

Suhail ya zare makulli, ya fito, ya zagayo ya buɗe ƙofar Bahago. Ya ajiye masa makullin a cinya.

"Kai ka san iyakarta. Kai za ka mai da mu gida."

Bahago ya koma mazaunin direba. Ya daɗe yana kallon madubi kafin ya juya kan motar, ko da yake babu kowa a titin.