Layin Yara

Takalman gudu ɗaure a wuya, ragar ƙwallaye, usur, lambar tagulla, da ledar lemo da bai kai ga raba wa yara ba. Abin da Kassimu ya shigo da shi a-kori-kurar Isha'aku ke nan, gumin safe bai gama bushewa a rigarsa ba.

Isha'aku, wan matarsa Rakia, bai dube shi ba tun da suka bar filin ƙwallo. Magana ɗaya ya yi a bakin fili, a gaban yara: Madina, 'yar Kassimu, ta rasu da hantsi, za a yi mata salla bayan La'asar. Ga shi yanzu ladanai sun fara kira, masu shaguna na jan ƙofofinsu, motoci sun cunkushe a hanyar shiga gari.

"Yaya, za mu same su?"

"Kai ka san gudu. Ni direba ne."

Duk Alhamis haka take wa Kassimu. Sauran kwanaki dako yake yi a sito, a tashar jiragen ruwa ta wannan birni na ƙasar Larabawa. Alhamis da sassafe kuwa akwai tsere, ko a titin bakin teku ko a wata unguwa, kuma bai cika bari ya wuce shi ba. Daga nan sai ya kwashi yaran unguwar Hindawiyya da yake koya wa ƙwallo, masu kiransa Kabtin. Yau da asuba Rakia ta tare shi a ƙofa, ta ce gaɓoɓin yarinya sun tashi, jikinta zau. Sikila ce. Shekarun Madina biyar, ciwon ya saba tashi ya kwanta. Ya dafa goshinta, ya ce a yi ta ba ta ruwa, zai dawo kafin Azahar.

Ya zo na uku a rukunin manya. Sai aka ce an mai da wasan yara wani fili can bayan gari, abokan karawa kuma suka makara. Bai aika gida ba.

"Sau biyu na je bakin teku," in ji Isha'aku. "Na je filinku na kullum, awaki na tarar. Wani mai sayar da ruwa ne ya nuna min hanya."

"Liman ba zai jira ba? Ko zuwa Magariba?"

"Ya jira. Da Azahar ya so a kai ta. A garin nan, cikin zafin nan, wa ke ajiye gawa?"

Motar gabansu ta mutu. Kassimu ya kwance takalman daga wuyansa, ya ɗaura, ya buɗe ƙofa.

Ya ratsa tsakanin motoci, ya yanka ta lungunan da ya sani, ya wuce sahun masu salla da suka malalo har kan titi. Numfashinsa daidai, ƙafafunsa ba nauyi. Bai taɓa gudu mai kyau irin wannan ba, kuma ya san haka.

A ƙofar maƙabarta mutane fitowa suke, suna kaɗe ƙasa daga hannayensu. Maƙwabtansa biyu suka rungume shi. Suka kai shi layin yara, can jikin katanga. Ƙasa ɗanya a wuri uku, kowanne da dutse ba rubutu. Gawar yara uku aka sallata tare, jama'a ta cakuɗe. Ɗaya ya ce ta tsakiya ce. Ɗayan ya ce a'a, ta ƙarshe, ya tuna don kusa da famfo take. Suka fara gardama ƙasa-ƙasa, sannan suka ji kunya suka bari.

Mai gadin maƙabarta, wani tsoho da buta a hannu, ya dafa kafaɗarsa.

"Halas, shi ke nan. Ka yi addu'arka, za ta same ta."

Ya tsaya gaban ta tsakiya, ya ɗaga hannu. Sannan ya matsa gaban ta ƙarshe. Sannan ya dawo ta farko.

Gida cike yake da mata. Suka ja mayafai, suka ba shi hanya. Rakia na tsaye a ƙofar ɗakin ciki, idanunta a bushe.

"Baban Madina, da hannunka ka sa ta?"

"Ban same su ba."

"Yaya fa?"

"Yana wajen nemana."

Ta daɗe tana kallon ƙafafunsa.

"To ina take? Mata ba sa shiga, ka sani. Kwatanta min wurin in riƙe a raina."

Da ya ce ta kusa da famfo, da ta karɓa, ba kuma wanda zai ƙaryata shi. Bakinsa ya ƙi.

"Layin yara, jikin katanga. Uku ne sababbi."

Wata tsohuwa a bayansa ta yi salati a hankali.

"Na bar gudu, Rakia. Ƙwallon ma na bari."

"Kar ka bari, Kabtin. 'Ya'yan mutane na jiranka."

Ta koma ciki, ta tura ƙofar har ta kama. Muryarta ta fito ta bayan katako, ba rawa a cikinta.

"In an tashi daga zaman makoki, ka je wajen kafilinka, Balaraben da ya tsaya mana, ka karɓo min takardar fita daga ƙasar nan. Damagaram zan koma."