Tikiti Biyu Zuwa Tashar Awaki

Mzwakhe ya sayi tikiti biyu. Ɗaya nasa, ɗaya na mahaifinsa, wanda ya rasu tun shi yana firamare.

A ƙofar masana'antar suga mota ta kaɗe shi. Aka binne gawa, amma ba wanda ya je ya ɗauko kurwarsa daga wurin. Sai bana, da ciwo ya ƙi barin gidan, Gwaggo Nomvula ta yanko reshen magaryar kura ta damƙa wa Mzwakhe. Ta ce ya je inda abin ya faru, ya ja reshen a ƙasa, ya kira sunan uban, ya kawo shi gida. Kada ya waiwaya. Kada ya tanka wa kowa. Duk inda aka iso kuma ya faɗa masa, in ba haka ba mamaci ɓata yake a hanya.

"Ta jirgin ƙasa," in ji ta. "Da shi babanka Bhekizitha ya saba. Daga mahaɗa sai Harlow, sai Gidan Leburori, sai Tashar Awaki. Nan za ku sauka."

Mzwakhe bai taɓa shiga jirgin ba. Ƙaramin layi ne da ya ɓalle daga babban layin Durban, aka shimfiɗa shi don kwasar leburori zuwa aiki. Mzwakhe ya taso ya tarar da shi a mace. An sace wayoyin lantarki, mata suna shanya a kan dogo. Bara aka farfaɗo da shi. Gwaggo ma ba ta hau sabon ba.

Mzwakhe ya je ƙofar masana'antar, ya ja reshen, ya kira sunan uban, sannan ya shiga jirgi. Ya ajiye reshen a kujerar taga, ya ɗora tikiti a kai.

"Baba, mun shiga jirgi," ya ce a hankali. "Sabo ne."

Wani saurayi ya tsaya a kansa. "Kai, ɗauke ƙayarka mutum ya zauna."

"Makaho ne kai?" in ji wata mai tallar lemo da ake kira MaZungu. "Ba ka ga da mutum a wurin ba?"

Saurayin ya dubi reshen, ya cire hula, ya matsa can.

Suka wuce mahaɗa. Jirgi ya rage gudu, wata murya daga rufi ta ce Siyakha. Mzwakhe ya duba allon tashar. Siyakha. Ina Harlow? Ya buɗe baki ya rufe.

MaZungu ta gani. Ta juya ga taga kamar da gilashin take magana. "Nan ce Harlow a da."

"Ƙarya kike, uwar lemo," in ji wani tsoho mai sanda, Shezi. "Harlow tana baya, inda aka yi gada. An rushe ta."

"Kai da kake barci tun daga gari?"

"Ina hawa layin nan tun kina goye."

"Shi ya sa ya mutu, ai."

Aka yi dariya. Mzwakhe bai yi ba. Ya sunkuya. "Baba, Harlow ce. Ko kuma mun wuce ta." Jirgi ya tashi.

Gidan Leburori kuwa ko bango babu. Shezi ya ce an ƙone shi lokacin faɗan jam'iyyu, sanda mutum kan leƙa tarago ya ga waɗanda ke ciki kafin ya shiga. MaZungu ta ce wanda aka ƙone ɗin yana wancan gefen. Mzwakhe ya faɗa wa reshen duka biyun.

Saura ɗaya. Ya hango itacen ɓauren unguwarsu, ya miƙe.

"Baba, shirya. Tashar Awaki."

Jirgin bai rage gudu ba. Dakalin tashar ya wuce ta taga, ciyawa ta cinye shi, awaki biyu a kai.

"Ai an daina tsayawa nan," in ji MaZungu ga gilashin. "Sai ƙarshen layi."

Shezi ya girgiza kai. "Kash. Mazan zamaninmu ba sa jiran jirgi ya tsaya. In mutum ya ga tasharsa, tsalle kawai yake. Kuma yaron ya ce wa babansa ya shirya."

Mzwakhe ya dubi reshen. Baba ya sauka ke nan? Yana tsaye can cikin ciyawa, yana jiran ɗan da ya wuce? Wuyan Mzwakhe ya fara juyawa zai waiwaya. Ya riƙe shi da ƙyar.

"Tsalle ta ina?" in ji MaZungu. "Jiragenku ne ke gudu ƙofa a buɗe, kuna lilo a jiki kamar birai. Wannan ko kai mai rai gwada buɗewa mu gani."

Shezi ya tashi, ya tura ƙofar da sanda, ya sa kafaɗa. Ko motsi. Ya koma ya zauna yana gunaguni.

Ƙarshen layin a ƙarƙashin wani katafaren kanti yake. Matakala mai tafiya da kanta, fitilu, ƙanshin soyayyen kaza. Ba tashar da Gwaggo ta sani ba ce, balle mamaci. Mzwakhe ya tsaya da reshen a hannu, mutane suna kauce masa. Ƙofofin fita huɗu ne.

"Baba," ya ce, "nan ni ma ban san sunanta ba. Gida yana baya. Da ƙafa za mu koma, ta bakin dogo."

Ya ɗaga ƙafa, ya ji an riƙe shi. Ƙaya ce ta maƙale a hannun rigarsa. Ya dube ta. Bai cire ba.

"To," ya ce. "Riƙe da kyau. Wannan matakalar motsi take."