Bango a Ranar Azumi

Koci Ashiru ya yi ha'inci, kuma a watan azumi ya yi shi. Shi ke tsara lokutan gasar tanis ta mata a wani fili na Tarauni, gasar da duk wadda ta lashe za ta wakilci jiha a Abuja. Wasan ƙarshe bayan la'asar aka sa shi. Da ya ga ɗalibarsa Nkemdilim za ta kara da Husaina 'yar Gyadi-Gyadi, sai ya dawo da shi bayan azahar, wai ana tsoron hadari. Sama kuwa tas take. Husaina na azumi, kuma ya sani.

Bango ake ce wa Husaina, don a jikin katangar garejin da mahaifinta, Malam Ɗan'azumi, yake ajiye adaidaita sahunsa ta koyi wasa. Duk ƙwallon da aka buga mata sai ta dawo da ita. Ba ta gaggawa. Tana tsaye can baya, tana mayarwa, har abokiyar karawarta ta gaji ta zuba a raga. Ashiru ya lissafa cewa mai irin wannan wasa, in ba ruwa a cikinta, rana kaɗai ta ishe ta. Ya ce wa ɗalibarsa ta ja wasan, ta yi ta ɗaga ƙwallo sama daga wannan kusurwa zuwa waccan, kada ta nemi maki da wuri.

A bakin fili ya tare Husaina yana murmushi.

"Bango, yau za mu gani ko katanga na jin ƙishirwa."

"Ina wuni, Koci," in ji Husaina, ta wuce.

Zagayen farko yadda ya so haka ya tafi. Ƙwallo ta yi ta kai da kawowa, siminti na huci, leɓen Husaina ya bushe ya yi fari. Nkemdilim ta ci. Da aka zauna hutu, sai ta juya wa Husaina baya kafin ta sha ruwa. A Hotoro aka haife ta, ta san ba a sha a gaban mai azumi.

Malam Ɗan'azumi ya matso jikin wayar da ta kewaye filin.

"Husaina, za ki iya?"

"Baba, ba zan iya dogon wasa ba."

"To wa ya ce dole sai dogo?"

Ta ɗan dube shi, ta miƙe.

A zagaye na biyu aka ga abin da ba a taɓa gani ba: Bango ta bar baya. Tana yin sabis, wato bugun farko, sai ta ruga gaban raga, ta tare ƙwallo tun kafin ta taɓa ƙasa, ta kashe ta a gefe. In an ɗaga mata sama, ta make. In Nkemdilim ta ja da baya, ta sauke ƙwallo a hankali bayan raga. Maki na ƙarewa kafin a yi numfashi. Tsakanin maki kuma sai ta cinye duk lokacin da doka ta ba ta, ta tsaya a 'yar inuwar katanga, ta gyara ɗankwali, sannan ta dawo. Ashiru na ta daka tsawa a ja wasan. Ba a jan wasa da wadda ta ƙi tsayawa a baya.

Husaina ta ci na biyu, ta ci na uku. Matan Gyadi-Gyadi da suka zo kallo suka rangaɗa guɗa, mahaifinta ya cire hula ya riƙe a ƙirji. Yarinya ce da ba ta karya azuminta ba, ba ta kuma roƙi kowa sassauci ba, kuma irinta ya kamata unguwa ta yi alfahari da ita.

Nkemdilim ta gaisa da ita a raga, daga nan ta nufi teburin kwamitin gasa, Ashiru na kiran sunanta.

"Ranka ya daɗe," ta ce wa shugaban, "ba hadari ya sa aka sauya lokaci ba. Da bakinsa Koci Ashiru ya gaya min rana za ta yi mana aiki. Na bi maganarsa, kuma ban ji daɗin kaina ba. Tanis na zo bugawa, ba jiran mutum ya faɗi ba."

Husaina ta tafi Abuja bayan Sallah. Kwamiti ya tuɓe Ashiru daga tsara gasa, ya hana shi shiga filin, iyaye kuma suka kwashe 'ya'yansu daga hannunsa.