Littafin Zarmina

Tufail Bhatti ɗan mai shagon yadi ne a Lahore, kuma doka ɗaya ya gada wurin ubansa: kaya ba sa barin shago, ko kyauta ko bashi, sai an yi bohni, wato cinikin farko na yini. Da ya tsufa ya rubuta labarin aljanun wata tsohuwar rijiya, ya buga da kuɗin fanshonsa. Matarsa ta rasu, ɗansa yana ƙasar waje. Ba riba yake nema ba, mutum ɗaya yake so ya karanta littafin ya gaya masa yadda ya ji.

Shi ya sa ya kama tebur a taron masoya labaran zane. Samari da 'yan mata suna ta wucewa da fuka-fukan kwali da takubban roba, ba mai kallonsa. Shabnam, mai sayar da hotuna a teburin gefe, ta kira shi yadda ake kiran dattijo a can, ta ce, "Babaji, ka shafa wa fuskarka shuɗi mana, ko a ɗauka kai ma aljanin ne."

Ya gyara jerin littattafan da ba su karkace ba.

Bayan azahar wata mata mai rawanin takarda a ka ta tsaya, ta buɗe littafin, ta manta da kanta. Ana bangazarta, ita dai karatu take yi. Can ta ɗago.

"Babaji, me ya sa aljanar ba ta koma rijiyar ba? Kar ka gaya mini. A'a, gaya mini."

Tufail ya tambayi sunanta, ta ce Zarmina. Nan take ya ɗauki alƙalami ya rubuta mata sunanta a shafin farko. Ta laluba jaka, sai kunya ta kama ta: ta kashe kuɗinta wajen rawanin.

Hannunsa ya miƙa littafin, ya tsaya a hanya. Ba a yi bohni ba.

"'Yata, ɗan zagaya ki dawo. Da zarar na yi cinikin farko, naki ne kyauta."

Ta yi murmushi, ta ce to, ta shige cikin jama'a. Amma a bari ya huce shi ke kawo rabon wani.

Shabnam ta girgiza kai. Ta sayi ɗaya don ta kwance masa ƙullin, ta ɗora kofin shayinta a kai. Tufail ya sumbaci kuɗin ya taɓa goshi da shi, yadda ubansa yake yi, sannan ya miƙe yana duban kawunan mutane. Rawanin takarda ya fi a ƙirga a zauren nan. Sau biyu ya kira sunan, baƙuwar fuska ta waiwayo.

La'asar ta yi, aka fara naɗe tebura.

"Babaji, yage shafin kawai, ka sayar wa wani gobe," in ji Shabnam.

"Kayan mutane ne," ya ce.

Da na sani ƙeya ce. Ya ɗaure sauran a kwali, na Zarmina kuwa ya sa a aljihun rigarsa, ya tsaya a bakin ƙofar fita har mai gadi ya ce masa za a rufe.